Hayaƙin Motata a Ɗakin Iya

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina koyarwa, har sunayen ɗaliban da suka fi ba ni ciwon kai sun fara gudu daga kaina. Amma ranar da na tsaya a tsakiyar ɗakin wata tsohuwa, maƙwabciyata, na ji janaretana ya tashi a bayan bangonta, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Tsohuwar ta kusa rasa numfashinta a dalilina, ni kuwa a lokacin ina yawo a gari ina koya wa mutane yadda ake tsabtace iska.

Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Jimeta, gidanmu kuma yana can gefen Mbamba a Yola. Mutanen kudancin Adamawa ne mu, aiki ya kawo mu ni da maigidana, muka sayi fili tun wurin yana gonar masara, muka gina a hankali. Kullum sai na yi hanyar nan ta Yola zuwa Jimeta, in tafi da safe in dawo bayan an tashi. Da fetur ya yi tashin gwauron zabo, tsohuwar motata ta koma kamar wata babbar 'ya a gidan, ita ce ta farko a cin albashi. Sai wani abokin maigidana mai kawo motoci daga Kwatano ya ba mu labarin wata irin mota da mutane ke kira mai caji. Tana da injin fetur kamar kowace mota, tana kuma da babban batir da ake jona wa wutar gida kamar waya. In batirin ya cika, zai kai ni makaranta ya dawo da ni, inji bai ko yi tari ba. In ya ƙare, injin ya karɓa da kansa. Na sayar da tsohuwar, na haɗa da kwasar adashina, na saye ta.

Gaskiya ɗaya ce, motar ba ta cuce ni ba. A watannin farko wuta tana samuwa a unguwarmu, in na dawo in jona ta, kafin mu ci tuwon dare ta cika. Abin da take ƙara mana a kuɗin wuta bai kama ƙafar abin da nake zubarwa a gidan mai ba. In na zo wucewa ta gaban dogon layin mai, masu keke sun yi jugum a rana, sai in rage gudu kaɗan, ba don komai ba sai don a gan ni. Ni ce kuma shugabar ƙungiyar kare muhalli ta makarantarmu, mu ne masu dasa darbejiya a bakin filin ƙwallo. Na fito da ɗalibai aji-aji, na kunna motar, na ce kowa ya sunkuya ya shinshina salansa. Babu hayaƙi, babu ƙara. A gaban malamai da ɗalibai na yi alkawarin cewa zangon karatu guda zai ƙare injin motar nan bai tashi ba ko sau ɗaya. Babu wanda ya tambaye ni wannan alkawari, bakina ne ya jawo mini.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Iya. A shekarun da garuruwan arewa da mu suke faɗuwa hannun masu tayar da ƙayar baya, Yola ta cika da mutanen da suka gudo, coci-coci da masallatai da makarantu duk sun zama wurin kwana. A cikin waɗanda aka sauke a makarantarmu akwai wata tsohuwa 'yar Borno da 'yarta da jikoki biyu. Mijin tsohuwar malamin allo ne, shi da mijin 'yar ba su fito ba. Ranar da aka ce za a kwashe mutane a buɗe makaranta, na tarar da su zaune a kan ƙullin kayansu ba su san inda za su nufa ba. Na kira maigidana, ya ce ai ɗakuna biyun nan na bayan gida babu kowa a ciki. Haka suka zo. Daga baya muka ja 'yar katanga muka fitar musu da ƙofarsu ta lungu, don su sake, su yi sallarsu da harkarsu ba tare da sun riƙa ratsa tsakar gidanmu ba. Bangon bayan ɗakin tsohuwar ya zama shi ne iyaka tsakaninmu, da taga guda ɗaya da ke kallon kusurwar bayan gidanmu. Ba mu taɓa karɓar ko sisi a hannunsu ba, ban kuma taɓa kawo wa raina cewa wannan zai iya zama nauyi a wuyan wani ba.

Iya muke ce mata, ita kuma ta ce mini Malama. Ɗinkin hula ne sana'arta, irin na mutanensu mai ƙananan zare da ke cin ido, kuma a bakin tagar nan take zama ta yi, don nan ne hasken ɗakin. Duk shekara sai ta ɗinka wa maigidana hula guda, da ita yake zuwa coci yana taƙama. Na kuma san tana da ciwon ƙirji tun kwanakin da suka yi suna tafiya a daji. Ni da hannuna na taɓa sayo mata abin shaƙa na masu asma. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Ana tsakiyar zangon alkawarina, ana kuma tsakiyar zafin bazara, sai wuta ta ɗauke. Aka ce an lalata turakun da ke kawo ta daga nesa, gyara zai ɗauki makonni. Wanda ya san Yola a wannan lokacin ya san abin da nake nufi da zafi, ruwan randa ma sai ka bar shi ya huce. Abin da hankali zai ba mutum shi ne in zuba wa motar fetur in ci gaba da harkata, ai don irin wannan ranar aka yi mata inji. Amma ina, ni da na tara yara suka shinshina salansa? Muna da babban janareta da muka saya don firiza, sai na ce da shi zan riƙa caji. Ƙararsa kuwa ta isa ta tashi unguwa, don haka na zagaya gidan ina neman wurin da ya fi nisa da ɗakin kwananmu da falo. Kusurwar baya ta fi ko'ina. Ni na zaɓi wurin, ni na nuna inda za a ajiye shi, har na sa aka juya bakin hayaƙinsa ya ba gidanmu baya. Daga nan kullum in na dawo wajen ƙarfe biyu da rabi sai a tayar da shi, ya yi ta ruri har magariba.

Akwai wani malamin lissafi a makarantarmu, Bafulatanin Namtari, mutum mai tsokana da sanyin murya. Wata safiya ya leƙa but ɗin motata ya ga jarkoki biyu.

"Adda, motarki ba ta shan mai, amma ke kullum da jarka," ya ce, Adda kuwa yaya mace ke nan a bakin Fulani. "Ko ke ce kika fara sha?"

Na ce masa na janareta ne, mota ko ɗigo ba ta taɓa ba.

"To janaretan wa yake wa aiki?"

Na yi dariya na ce ya je ya ji da ɗalibansa da suka kasa raba goma gida biyu. Amma maganar ta zauna mini, don na riga na lura jarkar da za ta kai ni mako guda in da injin motar nake zuba wa, janareta yana shanye ta kafin ranar Juma'a. Wato ina ƙona man da ya fi yawa, a injin da ya fi ƙazanta, don in tuƙa motar da ba ta hayaƙi. Na sani, na kau da kai. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A makonnin nan na haɗu da 'yar Iya sau da yawa a bakin lungu. In na tambaye ta jikin Iya sai ta ce da sauƙi, zafi ne kawai. Hular maigidana ta wannan shekarar ba ta zo ba, har na yi masa ba'a cewa idon Iya ya fara ritaya, ya shirya komawa hular kasuwa.

Ran nan wajen la'asar ina falo ina duba takardun jarrabawa, aka yi ta bugun ƙofar gida, da ƙyar na ji saboda ƙarar janareta. 'Yar Iya ce, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Adda, Iya ba ya iya numfashi," ta ce da irin Hausarsu. "Na je titi babu keke."

Na kashe janareta, na zare wayar caji, na zagaya da motar ta lungu. Na tarar ta riga ta fito da tsohuwar bakin ƙofa ta jingina ta da bango, leɓunanta sun canza launi. Muka kama ta muka sa a baya. Shirun motar nan da nake alfahari da shi, ranar na so a ce tana da ƙara, don tun daga Mbamba har asibiti babu numfashin Iya ko ɗaya da ya wuce kunnena. Kowanne sai ta jawo shi da ƙarfi yana fito, sai a yi ɗan shiru, sannan wani ya biyo. Duk da haka, Allah ya yafe mini, a wani lungu na zuciyata ina cewa da ban yi cajin nan ba da me zan kawo ta.

A asibiti aka sa mata abin shaƙa ya rufe hanci da baki, a hankali ƙirjin ya fara sauka. Likitan, wani matashi mai natsuwa, ya ce asma ce ta tashi da ƙarfi, ya tambaya ko tana zama kusa da hayaƙi. Kafin 'yar ta buɗe baki na karɓe zancen. Na ce ai matsalar mutanenmu ke nan, itace da gawayi, na sha faɗa a makaranta, hayaƙin murhu yana kashe mata a hankali ba su sani ba. Na yi bayani mai kyau, har likitan yana gyaɗa kai. Da na gama ya juya ga 'yar ya ce, "Ita ke girki?"

"A'a, ya daɗe bai yi girki ba."

"To akwai wani hayaƙin da ke shiga ɗakinta?"

Ta ɗago ta dube ni, ta dubi uwarta. Na ga tsohuwar ta ɗan motsa yatsa a kan zanin gado. Sai 'yar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, likita." Aka ce za a riƙe Iya kwana biyu. Na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Washegari daga makaranta na biya asibitin. Iya tana barci, 'yar ta ce za ta je gida ta ɗauko mata zani da carbi da filas. Na ce ta zauna da uwarta, ta ba ni makulli, ai gida zan je in dawo. Ta ce a'a, kada in wahala. Na ce wace wahala. Ta sake cewa ɗakin a hargitse yake. Ni kuwa in na ce zan yi wa mutum alheri ba na jin a'a, na miƙa hannu har sai da ta sa mini makullin.

Da na isa gida na jona motar, na ce wa maigidana ya zuba mai ya tayar da janareta, ni zan zagaya in ɗauko kayan Iya. Ina buɗe ɗakin na tsaya, don rabona da shigarsa an yi shekaru, kullum a bakin ƙofa muke gaisawa. Ƙarfe uku na rana, amma ciki duhu ne, zafi kuma ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunya. Da idona ya saba sai na ga dalili. An toshe tagar gaba ɗaya da kwali, an bi gefe-gefe an cusa tsummoki da yankin buhu, an kuma rataya tsohon zani a kai. A kan tabarma ƙarƙashin tagar ga hular maigidana, an yi rabi, allura tana soke a jiki. Abin da ya fara zuwa mini shi ne wani sabon darasi: dubi mutanen nan, mai asma a ɗaki babu iska, dole in zaunar da su in yi musu bayani. Na janye zanin, na ɓamɓare kwalin. Bayansa baƙi ƙirin, har ya shafe mini hannu. Ina tsaye ina kallon tafin hannuna, janareta ya tashi.

Bakin hayaƙinsa yana kallon tagar, tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba. Hayaƙin ya shigo kai tsaye ya same ni a fuska, da ɗumi da warin fetur, kwanukan da ke kan kanta suka fara kaɗawa. Na ƙwala wa maigidana kira ta tagar, ina hango bayansa yana tafiya, bai ji ba. Na sake kira da duk ƙarfina, bai juyo ba. A nan na gane cewa ko da tsohuwar nan ta taɓa kiran sunana a makonnin nan, babu mai jin ta. Na leƙa tsakar gidansu, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, rana ta cika shi fal, ga ta da ciwon gwiwa. Zaɓinta biyu ne kullum daga azahar zuwa magariba, ta buɗe taga ta sha hayaƙi, ko ta rufe ta dahu a duhu. Ban fita nan da nan ba. Na tsaya da gangan har idona ya fara ruwa, kaina ya fara sarawa, ni mai lafiyayyen ƙirji, a cikin mintunan da ba su kai goma ba. Kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba.

Na zagaya da gudu na kashe shi da hannuna. Maigidana ya fito yana tambayar ko lafiya, na kama hannunsa na kai shi kusurwar na nuna masa bangon, inda baƙin hayaƙi ya yi zane daga ƙasa har bakin tagar. Makonni muna zuwa wurin muna zuba mai, babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu.

Da na koma asibiti Iya ta farka. Na ajiye kayan, na nuna wa 'yar hannuna da ban wanke ba. Na ce, "Ƙanwata, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce tun kwana na biyu ta so zuwa, Iya ta hana, har ta ce in ta kuskura ta taka ƙofarmu da wannan magana ba ta yafe ba. Na juya ga tsohuwar na durƙusa a gefen gadon. Ta janye abin shaƙar daga bakinta, tana magana tana hutawa.

"Malama, wanda ya ba ka ɗaki lokacin da ba ka da ko inuwa, ba ka zuwa ka ce masa injinsa ya dame ka. Mu ba a koya mana haka ba."

Na ce, "Iya, ai da kin mutu."

"Da kwana ya ƙare ne," ta ce. Sannan ta dafa kaina. "Hayaƙin da ya kore mu daga garinmu, masu kunna shi sun san abin da suke yi. Ke ba ki sani ba. Tashi, ƙasa da datti."

Ta yafe mini a wurin, amma ni na san rashin sanin nawa ba irin wanda ake yafewa da sauƙi ba ne. Ban sani ba ne don ban zagaya ba, ban kuma zagaya ba don amsar da nake so ita ce "da sauƙi". Alherin da na yi musu shekarun baya shi ne ya rufe musu baki, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin lafiya lau.

Washegari na shiga layin mai kamar kowa, na zuba wa motar fetur, na shiga makaranta inji yana aiki. Malamin lissafi ya kasa kunne ya ce, "Adda, yau motar ta yi magana." Na ce ta yi, ni ma ina da magana. A taron ƙungiyar muhalli na gaya wa ɗalibai alkawarina ya karye, na kuma gaya musu dalili ba tare da na ambaci kowa ba. Na ce duk wanda ya nuna musu salansa mai tsabta, su tambaye shi daga ina wutar ta fito, kuma wa ke zaune kusa da wurin. Janareta ya bar kusurwar nan a ranar, bai kuma sake yi wa mota caji ba. In akwai wuta in jona, in babu in tafi da fetur, kuma ko a haka ta fi tsohuwar motata sauƙin ci nesa ba kusa ba. Daga baya muka sa sola a rufin gida, kaɗan-kaɗan yadda ƙarfinmu ya kai. Waya ta farko da aka ja daga ciki ba wurin mota ta je ba, ɗakin Iya ta shiga, aka sa mata fanka da ƙwan lantarki guda.

Har yau ina tuƙa motar, har yau ina son ta, duk wanda ya tambaye ni kuma ina ce masa ya saya in yana da inda zai samu wuta mai tsabta. Hular maigidana ta zo a ƙarshen damina, a jikin farin zaren gefe ɗaya akwai ɗan duhun da wanki bai fitar ba. Iya ta so ta warware wurin ta sake, ya ce a bar masa haka. Abin da na koya shi ne hayaƙin da bai fita ta bayan motarka ba yana fita ta wani wurin, kuma sau da yawa ta tagar wanda ba zai iya buɗe baki ya gaya maka ba ne. Tun daga lokacin, in mutumin da na taɓa yi wa alheri ya ce mini ba komai, ba na tsayawa a bakin ƙofa, sai na shiga ɗakin na duba da idona.